Ɗanasabe Mai Bututu, Wanda Ya Kawo Mana Wata Kasuwa

Duk wanda ya shiga kasuwar Tudun Wada ta wajen 'yan tukwane zai ji ƙarar ƙaramar guduma a kan gwangwani tun kafin ya hangi rumfar. Nan ne wurin Baba Ɗanasabe mai gyaran fitila. Da ya dawo daga sallar asuba yake hura gawayi a kasko, ya tura ƙarfen liƙi a ciki, ya baje tarkacensa a kan buzu, su dalma da lagwani da tsoffin gwangwanayen madara. Kafin hantsi ya dubi ludayi yara sun fara kawo aike. Wannan a-ci-balbal ɗin gidansu na yoyo, wancan fitilar ƙwai ta ƙi ɗaga lagwani, ga wata buta da ta ɓule a gindi. Haka zai wuni a sunkuye, kansa a karkace gefe guda, don da idon dama kaɗai yake ganin aiki sosai.

Amma da la'asar ta yi sanyi sai ka ga dattijon nan ya zama wani mutum daban. Zai tattara kaya da gaggawa kamar wanda ake jira a wurin ɗaurin aure, ya jawo wani abu a naɗe cikin tsohon bargo, ya kafa masa ƙafafu uku na gora a bakin kasuwa. Ana sallame magariba jama'a za su yi masa caa. Abin da ke cikin bargon shi ne bututun Ɗanasabe, madubin hangen nesa da ya ƙera da hannunsa. A ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada har zuwa Doguwa, da wuya ka sami ƙauye mai kasuwa da babu wanda ya taɓa ɗora ido a kansa.

Ni mai wannan rubutu malamin asibiti ne a garin nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Baba Ɗanasabe ya gaya mana daga kakar bana ya ajiye yawon kasuwanni, gwiwa ta ƙi, jakinsa ma ya tsufa. Na ga bai kamata mutum irinsa ya zauna shiru ba a faɗi abin da ya yi ba yana da rai yana ji.

Asalin abin a Riruwai ya faro. Yana saurayi ya tafi haƙar kuza, daga baya aka sa shi cikin masu ja wa ma'aikatan awon ƙasa sarƙar awo. Shugabansu wani Bayarabe ne mai son mutane. Wata rana sun sauka a gindin dutse, rana ta faɗi, wata ya yi rabi, sai mutumin ya karkata madubin awonsa sama ya yafito shi. Baba Ɗanasabe ya ba ni labarin nan ya fi a ƙirga, kuma kullum sai ya miƙe tsaye yake ba da shi.

Ya ce, "Malam, ina ɗora ido na ga ƙasa. Ƙasa sosai, da duwatsu da ramuka da inuwa, kamar ka hau dutsen Riruwai ka leƙa kwari. Na janye kai na dubi sama, ga wata nan yadda na san shi. Na sake leƙawa, ga ƙasar nan. Ran nan tuwo ya huce ban ci ba."

Bayan wasu shekaru madubin ya faɗa rami ya lotse, aka ce ya tashi aiki. Bayaraben ya ciro gilasan ya ƙulle a hankici ya miƙa masa, ya ce tun da shi ne mai ciwon sama, ya je ya san yadda zai yi da su. Da ya bar kuza ya dawo gida ya kama gyaran fitila, ya yi ta naɗe gwangwani yana liƙewa yana warwarewa, yana matso da gilashi yana ja da shi baya, mutane na cewa kuza ta taɓa masa kai. Damina ta wuce, rani ya wuce. Wani yammaci sai ga shi ya fito da gudu ba hula, ya kamo hannun matarsa Baturiya tana tsakiyar tankaɗe. Wata ya fito fes a cikin bututu.

Ni kuwa haɗuwata da shi ba ta daɗi ba ce. A farkon shekarar 1952, ban daɗe da zuwa garin nan ba, aka yi husufin rana da safe. Washegari wani dattijo ya shigo asibiti ya zauna a kan benci, hannunsa dafe da idon hagu. Na tambaye shi abin da ya faru.

Ya ce, "Ɗoki ne ya kai ni, Malam. Na ga rana ta gutsure, na ce bari in gani da kyau. Na juya bututu na ɗora ido. Ƙiftawa ɗaya ce."

Na ce, "Yanzu me kake gani?"

"Ina ganin gefen fuskarka. Tsakiyar kuma baƙin tabo ne."

Na wanke idon, na ɗiga magani, na ɗaure, amma na san babu abin da zai dawo da shi, kuma na gaya masa gaskiya. Na ɗauka zai je ya jefa bututun a rijiya. Sai ya ce, "To, alhamdu lillahi da ya zama nawa ne. Yara sun kewaye ni a lokacin, kowa na cewa a ba shi ya leƙa. Da na fara ba su fa?"

Tun daga ranar ya ƙera wa bututun murfi. Ba a buɗe shi sai rana ta faɗi, kuma ko hakimi ne ya zo, sai ya fara jin wannan sharaɗi kafin ya leƙa.

Daga nan ne ya soma ɗora shi a jaki. Ranar kasuwar Kiru yana Kiru, ranar ta Bebeji yana Bebeji, da rani kuma ya bi ayari ya ratsa daji har Doguwa da Riruwai. Da rana ya yi gyaran fitila, da magariba ya kafa gora. Ana kiran isha'i yake naɗe kayansa, ya ce sama ba ta gudu, gobe ma tana nan.

Wanda bai ga taron nan ba ba zai gane irin murnar da ke cikinsa ba. Na taɓa bin sa Bebeji. Wani mahauci ƙato ya sunkuya ya leƙa, ya yi tsalle da baya har ya taka ƙafar na bayansa. Ya zagaya gaban bututun ya zura yatsa yana lalube.

Ya ce, "Baba, tsakani da Allah, me ka liƙa a ciki?"

Baba Ɗanasabe ya yi dariya har da tari. Ya sauke bakin bututun ya saita shi kan wani rimi can nesa, inda ungulaye suka sauka kwana, da sauran ɗan haske. Mahaucin ya leƙa, ya ga ungulu na sosa wuya kamar ya miƙa hannu ya kamo ta. Aka sake mayar da shi kan wata. Wannan karon ya daɗe a sunkuye, na bayansa na ta zungurinsa. Can ya ce, "Baba, ai tafiya yake. Ga shi nan yana fita ta gefe."

Baba ya ce, "Tun da aka halicce shi yake tafiya, ɗana. Yau ne dai ka tsaya ka lura."

Ba a rasa masu zuwa da wata buƙata daban ba. Wani ya ja shi gefe ya ce a duba masa tauraronsa, wata ta aiko a gano mata wanda ya sace akuya. Amsarsa ɗaya ce, shi mai gyaran fitila ne, abin da ido ke iya gani kaɗai yake nunawa, gaibu na Allah ne. Duk da haka magana ta kai kunnen limamin garinmu, Malam Shitu, cewa ana duba a bakin kasuwa. Liman ya zo da kansa bayan magariba, fuska ba walwala. Baba Ɗanasabe ya durƙusa ya gaishe shi, bai kare kansa da komai ba, sai ya saita bututun kan wani tauraro mai haske ya ce, "Allah ya gafarta Malam, bisimilla."

Liman ya leƙa. Ya ga tauraron ya zama ɗan ƙwallo, ga waɗansu ƙanana a jere kusa da shi kamar an ja su da zare. Ya ɗago ya dubi sama ya ce, "Wannan ai Mushtari ne. Su wane ne waɗannan a gefensa?" Baba ya ce bai san sunansu ba, amma Malam ya dawo gobe ya gani. Da ya dawo sai ya tarar sun sake wuri, wanda ke hagu ya koma dama. Liman ya yi ta tasbihi, ya nemi a shimfiɗa masa buzu. Tun daga ranar ya zama ɗan majalisa. Shi ya koya wa Baba sunayen da ke cikin littattafai, ya ce Kaza da 'Ya'yanta ita ce Surayya, ya karantar da shi taurarin damina da manoma ke lissafi da su. Baba kuma ya nuna masa cewa 'ya'yan kazar nan ba 'yan kaɗan ɗin da ido ke gani ba ne, a cikin bututu sun cika wuri kamar an watsa gero.

Na ukunsu shi ne Maikano, wani Bafulatani mai shanu a wajen Burumburum, mutum mai kaifin ido irin wanda ban taɓa gani ba. Shi ne ya tayar da maganar da aka yi watanni ana musu a kanta. Ya ce tun yana yaro yake kiwo, bai taɓa ganin Zara da yamma ba kuma ya ga Gamzaki da asubar daren, in ɗaya na nan ɗaya ba ya nan, ko dai abu ɗaya ne? Kasuwa ta rabu biyu. Baba Ɗanasabe ya ce a bi Zara a gani. Aka yi ta bin ta kowace magariba, tana matsawa kusa da inda rana ke faɗuwa, a cikin bututu kuma tana ƙara girma tana sirancewa har ta koma kamar jinjirin wata. Sai ta ɓace. Ba a daɗe ba Maikano ya buga wa Baba ƙofa kafin sallar asuba, ya yi tafiya tun daga ruga. Suka kafa gora, suka saita Gamzaki, ga wannan ɗan lauje dai, ya juya baya. Liman ya ce ai a littafi ma suna ɗaya gare su, Zuhura. Ran nan su uku suka shiga masallaci suna murmushi kamar yaran da aka yi wa ɗinkin salla.

Ba zan manta da Inna Baturiya ba, don rabin aikin nan nata ne. Ita ce ta ce masa, "Malam, kai kana ta nuna wa maza a kasuwa, mu da ke cikin gida fa? Wata na maza ne kaɗai?" Ya koya mata saiti, ta ƙware har ta fi shi saurin kamo tauraro. In ana suna ko biki sai ta naɗe bututun a zane ta shiga da shi, ta kafa a tsakar gida bayan magariba. Matata ta ba ni labarin wata tsohuwa, Iya Saude, da aka riƙo ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Allah sarki, ashe shi ma ya yi agana." Gida ya kaure da dariya. Amma da aka zo naɗewa ta roƙa a bar ta ta ƙara, ta ce ta tsufa tana daka a haskensa, yau ne suka gaisa.

Kai ne, Baba Ɗanasabe, ka sa manomin da ya wuni yana kallon bakin fartanya ya tuna akwai abin kallo a bisa kansa. Na Baturiya, mai liƙin da ba ya yoyo.

An ga amfanin wannan majalisa a azumin 1957, da tauraro mai wutsiya ya fito bayan shan ruwa. Gari ya tsure. Tsofaffi suka ce sun ga irinsa suna yara, kuma bayansa yunwa ta zo. Ga shi damina ta ƙarato. Wani manomi mai suna Sale, mutum mai iyali da yawa, ya fito fili ya ce shi ba zai zuba irinsa a ƙasa bana ba, gara ya ci abinsa ya kwashe iyali su yi kudu. Maganarsa ta fara shiga kunnen mutane, har wasu sun soma kwance rumbun iri.

Baba Ɗanasabe ya je har zaurensa. Ina wurin. Ya ce, "Sale, ni ma na ga wancan, ina kiwon awakin babana a lokacin. Gaskiya ne an yi yunwa, amma sai bayan 'yan shekaru, kuma ruwa ne ya ƙi. A tsakani mun shuka mun girbe. Ban san abin da Allah zai yi bana ba, kai ma ba ka sani ba. Amma wanda ya cinye irinsa ya riga ya kira tasa yunwar. Ka ba ni kwanaki kaɗan, ka riƙa zuwa muna kallonsa tare."

Sale ya zo, da farko a tsorace, ba ya ko yarda ya tsaya kusa da gora. Baba ya sa shi ya riƙa auna wurin tauraron da reshen wata kuka. Kowace magariba sai su ga ya gusa, wutsiyar na dusashewa, har ya zama sai a bututu ake ganinsa, har aka neme shi aka rasa. Liman kuma ya yi huɗuba a kan cewa halittun sama ba sa fitowa don mutuwar wani ko rayuwar wani. Da ruwan shuka ya sauka Sale na cikin na farko a gona. Abin da aka samu a shekarar daidai gwargwado ne, ba a yi yabo ba ba a yi kuka ba, amma babu gonar da ta kwana a garin nan saboda tsoro.

Sai kuma babban aikin, na bana. Tun tsakiyar damina na gani a jarida cewa za a yi husufin rana a farkon watan Oktoba, ranar Juma'a, kuma a ƙasarmu rana za ta kusa rufewa gaba ɗaya. Na kai masa labari a rumfa. Na ga murna ta cika masa fuska, sai kuma ta gushe. Ya ajiye guduma.

Ya ce, "Malam, wancan da gefe kawai ya gutsura na rasa ido. Wannan da zai rufe ta, kowa sai ya ɗaga kai. Yara za su ƙura mata ido. Mata za su zuba ruwa a ƙwarya su kalla, suna zaton ruwa na kare ido, alhali ba ya karewa. Ba zan zauna ba."

Dattijon da gwiwa ke damunsa ya ɗaura wa jaki kaya cikin marka. Bai tafi da kayan gyara ba, sai tarin sakaina da ya huda da basilla, da rariya, da farin ƙyalle. A kowace kasuwa zai tsaya da rana tsaka ya juya wa rana baya, ya ɗaga sakaina, ɗigon haske ya faɗo a kan ƙyalle, ya ce wannan ɗigon hoton rana ne, ranar Juma'ar nan shi za ku kalla, za ku ga ya gutsure. Sannan ya buɗe idonsa na hagu da yatsu ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu, abin da a da ba ya so a yi masa maganarsa. Rafi ya taɓa tsare shi a hanyar Kiru ya kwana a gindin bishiya. Ya dawo da zazzaɓi, na yi masa allura na ce ya kwanta, washegari na je dubiya na tarar ya tafi. Inna Baturiya ta bi gidaje da tata rariyar. Maikano ya ɗauki rugage. Liman ya aika wa limaman ƙauyuka su faɗa a masallatai.

Ranar ta zo da hadari. Tun safe gajimare ya rufe sama, masu tsiya suka fara cewa ina husufin Ɗanasabe. Shi dai ya kafa gorarsa a filin masallacin Juma'a, ya shimfiɗa farin ƙyalle a bayan bututu, ya ɗaure igiya kewaye don kada wani ya kai ido. Wajen azahar iska ta taso ta yaye gajimaren. Ya cire murfi, ya saita da inuwa ba tare da ya leƙa ba, sai ga rana ta faɗo a kan ƙyalle, fara sol, faɗinta kamar faifai. Gefenta a gutsure.

Jama'a suka ɗauki salati. Aka shiga salla ana waiwayen ƙyalle. Kafin a sallame haske ya canja, ya koma wani iri kamar an tace shi da tsumma. Zafi ya ragu, iska mai sanyi ta ratso sahu. Kaji suka nufi akurki, shanun da ke bakin gari suka fara kuka. A kan ƙyalle rana ta zama lauje. Sai wata yarinya mai tallar gyaɗa ta ce a dubi ƙasa. A ƙarƙashin tsamiyar masallaci, duk inda haske ya ratso ganye, ƙananan laujuna ne birjik, a ƙasa, a bango, a kan rigunan mutane, a kan rawanin liman. Manya suka manta da girma. Na ga alƙali yana juya hannun rigarsa yana dariya. Na ga Sale ya ɗaga rariya yana zuba wa 'ya'yansa jinjirin wata a tafin hannu. Daga cikin gidaje kana jin guɗa, mata na can da tasu rariyar.

Maikano ya ja mutane inuwar bango inda rana ta ɓuya, ya nuna yamma da sandarsa. Ga Gamzaki, da rana tsaka, yana ƙyalli. Liman ya ja mu sallar husufi.

Baba Ɗanasabe kuwa, wanda ya fi kowa jiran wannan rana, bai zauna ya more ta ba. Yana ta ɗingishi cikin taro, duk yaron da ya ga zai ɗaga kai sai ya dafa masa ƙeya ya sunkuyar da shi, yana cewa, "Ƙasa, ɗana, yau a ƙasa ake kallon sama." Sai da haske ya fara dawowa, zakaru suka yi cara, sannan ya zo ya durƙusa gaban ƙyallensa. Ya daɗe a wurin. Da ya ɗago gemunsa a jiƙe yake.

Na zauna a asibiti kwanakin da suka biyo baya ina duban ƙofa. Daga garin nan ba wanda ya zo da ciwon ido. Daga ƙauyukan da Baba ya taka ma ban ga kowa ba. Amma a ƙarshen mako aka kawo mini wata matar aure, A'isha, daga wani ɗan ƙauye can bayan rafi inda ruwa ya hana shi kaiwa. Tana tsinkar kuɓewa abin ya same ta, ba wanda ya gaya mata komai, ta tsaya ta kalla. Idonta ɗaya ya taɓu.

Na so in ɓoye wa Baba, amma gari ƙarami ne. Ya zo ya same ta a kan bencin da ya taɓa zama. Ya gaishe ta, ya gaishe da mijinta, ya ce, "'Yata, ki yafe mini, ƙafata ce ba ta kai ba." Ta ce ai ba laifinsa, ƙaddara ce. Sai ya zauna ya koya mata abin da ni ban iya ba, yadda za ta karkata kai ta zura zare a allura, yadda za ta kalli gefen abu in tana son ganin tsakiyarsa, yadda za ta tsiyaya ruwan zafi ba ta ƙone ba. Ta shigo tana kuka, ta fita tana yi wa mijinta gardamar wanda zai riƙe jaka. Wasu suna cewa mutum ɗaya cikin dubbai ai an ci riba. Shi bai taɓa faɗin haka ba.

Baba Ɗanasabe, mun gode. Kai ne ka ɗauki abin da ya cuce ka ka mayar da shi garkuwar 'ya'yan wasu. Kai ne ka zaunar da malami da makiyayi da maƙeri a buzu ɗaya, kowa ya kawo abin da ya sani, ba wanda ya tashi da ƙanƙanci. Ba ka da allo, ba ka da aji, amma ɗalibanka sun cika kasuwanni. Allah ya saka maka da alheri, kai da Inna Baturiya, ya ba gwiwa sauƙi, ya sa ka daɗe a cikinmu.

Ku kuma jama'a, ga abin da ya rage namu. Baba ya ce bututu ba zai kwanta a ɗaki ba don mai shi ya gaji. Duk garin da ya turo mutum mai hankali, zai zaunar da shi ya koya masa saiti, ya ba shi aro na wata guda. Na tambaye shi ko ba ya tsoron a fasa masa gilashin da ba shi da na biyunsa. Ya ce, "In ya fashe a hannun masu kallo, Malam, ya mutu a bakin aiki." Dagatai da malaman makaranta da masu koyar da yaƙi da jahilci, ku turo. Wanda kuma yake da wani sani, ko na ɗinki ne, ko na dashen itace, ko na karatu, ya duba yadda mai gyaran fitila ya yi da nasa, ya fito da shi bakin kasuwa. Mutanen Doguwa sun riga kowa, ɗan aikensu ya iso shekaranjiya da ƙafa, yana can rumfa yanzu haka Inna Baturiya na yi masa faɗa a kan yadda ake riƙe gora.